Wasiƙar da Kawu Kashe-Kunna Ya Goge

Ina 'yar shekara tara na fara jin sunan. Wata Asabar ce da hantsi, ina tsugune a bakin famfo ina wanke safar makaranta, sai na ji Baba ya ɗaga murya daga ɗakinsa: "Maman yara, a nemo mini Kashe-Kunna, abin nan ya sake sandarewa!" Na tsame hannu daga kumfa na ruga wajen akwatin da yake ajiye filaya da sukudireba, don a zatona wani ƙarfe ne. Mama ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ke, mutum ne. Yayana ne, kawunki, wanda ya dawo garin nan watan jiya. Babanki ne ba ya raga masa."

Da rana sai ga shi. Dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare ta ƙeya, aljihun rigarsa ya rine da tawadar biro. Ko zama bai yi ba ya leƙa ɗakin Baba ya ce, "Ka kashe ka kunna?"

Baba ya juyo gare ni. "Kin ji ko? Iyakar iliminsa ke nan. Da wannan yake cin abinci."

"Amma kullum sai ka aika a kira ni in faɗa maka," in ji Kawu. "Matsa can, Mai Shafi Dubu."

Abokai ne tun kafin Baba ya san Mama, a gidansu Kawu ma ya fara ganinta. Shi ya sa babu wata kunyar surukuta a tsakaninsu, sai tsokana. Ni kuma tun ranar Kawu ya raɗa mini Magatakarda, saboda ya same ni da wani littafi da nake rubuta ranar haihuwar kowa a dangi, da wa ya haifi wa, da shekarar da aka yi kaza. Har yau ina da littafin, ya zama na huɗu. Daga cikinsa nake ɗebo abin da zan faɗa, sauran kuma da idona na gani.

Kawu shi ne babba a ɗakinsu, Mama ce auta, kuma Auta yake kiranta ko a gaban baƙi. Yana aji uku a sakandare mahaifinsu ya rasu, ya ajiye karatu ya shiga koyon gyaran tafireta. Shekara goma sha huɗu ya yi a wani ofishi yana miƙe ƙarafan haruffa da suka karkace, yana canza ribon, wato ƙyallen tawadar, har ranar da aka tattara tafiretocin gaba ɗaya aka jibge a sito, aka ce masa an gode. Da zai fita ya roƙi wata matacciyar kwamfuta da aka jefar a bayan ƙofa. Wata shida ya yi yana kwance ta yana ɗaurawa a kan tabarma, har ta kawo haske.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai yankan makulli da kantin magani. In ka miƙe tsaye a can ciki kanka zai bugi siminti. Tebur ɗaya, kujeru biyu, kwamfutoci uku, da fanka marar murfi wadda ta taɓa yanke masa gefen hula. A nan yake gyara, a nan kuma yake wani aikin da ba wanda ya sa shi.

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Wadda Kawu yake ƙauna, wadda yake saka wa duk wanda ya kawo gyara ko bai nema ba, irin wadda ba a ɓoye cikinta ba ce. Duk rubutun da aka gina ta da shi yana fili, kowa yana iya karantawa, wanda ya iya kuma ya kawo gyara, masu kula da ita su duba, su karɓa ko su ƙi. "Kamar tafireta," yake cewa. "Ka ɗaga murfi ka ga ƙarfen da ya karkace da idonka." Burauzar tana da dandali inda mutane daga ko'ina suke kai kukansu: tawa ta ƙi buɗewa, tawa tana cin batir, bidiyo ba ya magana. Kawu ya fara amsa musu da ƙamus a gefensa, don Turancinsa na aji uku ne. Shekara goma sha ɗaya yana yi, tsakanin mai kawo gyara da mai kawo gyara.

Matarsa, wadda muke kira Anti, takan ce, "Ga ma'aikacin da ba albashi, ba hutu, ba fansho. Ko sannu ba su san yi maka ba."

"Jiya wani ya ce ya gode."

"To a zuba mana godiyar a tukunya."

Tambayoyi uku yake yi wa kowa: me ka danna, me ka yi tsammanin gani, me ka gani? Ko faɗa na yi da ƙawata na zo masa ina kuka, haka zai jera mini su, har in gaji in yi dariya. In kuma matsala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, yana da magani ɗaya da yake ji da shi. Akwai wani maɓalli a cikin burauzar da ke mayar da ita sabuwa fil, ya share tarkacen da suka taru, ya bar maka shafukanka. Kawu yakan rubuta wa mutane, "Danna shi, ba abin da zai ɓata."

Baba malamin lissafi ne, kuma bai taɓa rufe shafi ba a rayuwarsa. In ya buɗe, ya buɗu ke nan. Ya ce kansa ba ya riƙe abu, burauza ce ke riƙe masa. Ko an kashe kwamfutar, in an kunna sai ta dawo da su duka a jere, ƙanana kamar haƙoran mataji. Ina shekara goma sha bakwai ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya yi mako biyar a asibiti, bai dawo ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata safiya Mama ta ce in kunna mata kwamfutar. Muka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ɗari uku da goma sha biyu. Farashin keken ɗinki. Zanen gida mai ɗaki biyu. Makarantar koyon aikin jinya, wadda ban san yana duba mini ba. Can wajen ƙarshe sai sunayen magunguna, tun watanni kafin ya gaya mana ba shi da lafiya. Shafi na ƙarshe na imel ɗin makarantarsu ne, da wasiƙa a cikin akwatin rubutu, ba a aika ba. Sunan Kawu ne a sama. Layi tara ce, ta tsaya a tsakiyar magana, ɗan layin nan mai ƙiftawa yana tsaye a inda Baba ya ɗauke hannu.

Mama ba ta da saurin karatu, ni na karanta mata. Ta ce, "Sake." Na sake. Sau uku.

"Kada ki gaya wa kowa," ta ce. "Har shi."

"Mama, ai tasa ce."

"Na sani. Zan ba shi. Bari in ɗan riƙe tukuna. In aka aika, ta tafi ke nan."

Na ce to bari in kwafe a littafina. Ta ce a'a, ba a taɓa komai, a bar ta yadda ya bar ta. Daga ranar, kullum in ta gama shara ta ɗora ruwan shayi, sai ta shiga ɗakin Baba ta zauna gaban shafin. Ba ta kuka. Kallon ɗan layin kawai take yi yana ƙiftawa, kamar mai jiran a ƙarasa mata zance. Haka ta yi wata goma sha huɗu.

Ni na kira Kawu, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Sakamakon jarrabawarmu ya fito, shafin ya ƙi buɗewa, burauzar kuma ta tsufa har sai ta yi kwata na awa kafin ta farka. Mama ta tafi dubiya asibiti. Na ce kafin ta dawo an gama.

Ya zo da jakarsa yana waƙe-waƙe. Ya duba ya girgiza kai. "Allah ya jiƙan Mai Shafi Dubu. Wannan ai ba burauza ba ce, sito ne."

"Kawu, shafukan Baba fa?"

"Ba abin da zai ɓata, Magatakarda. Na yi wannan ya fi sau dubu."

Maganar tana bakina. Na tuna alkawarin da na yi wa Mama, na dubi hannunsa da bai taɓa ɓata abu ba a gabana, sai na haɗiye. Ya danna. Burauzar tana da wata ɗabi'a mai kyau: in an mayar da ita sabuwa, takan tattara tsofaffin kayan ta ajiye a wata folda a kan allo, ko da za a nema. Shi kansa Kawu yakan ce wa mutane su bar foldar ta yi mako guda. Amma cikin kwamfutar Baba ya cika maƙil, alamar ta yi ja, kuma yana so ya saka sabuwar fitowar burauzar. Sai ya ja foldar ya jefa a kwandon shara, ya zazzage kwandon. "Shara ce," ya ce. Duka bai fi minti biyu ba.

Da Mama ta dawo ya tare ta da fara'a. "Auta, zo ki ga aiki. Ɗari uku da goma sha biyu, na ƙirga, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba."

Ko mayafi ba ta cire ba. Ta kama linzamin kwamfutar ta tafi shafin ƙarshe kai tsaye. Shafin yana nan. Akwatin rubutun fari fat.

"Ina rubutun?"

"Wane rubutu?"

Ta dube ni. Shi ma ya dube ni. Na ce, "Akwai wasiƙa a nan, Kawu. Baba ne ya fara rubutawa bai gama ba."

Ya cire tabarau, zaren ya maƙale a kunnensa. "Wa ya rubuta wa?"

Na ce, "Kai."

Ya mayar da tabaransa. Sannan a hankali ya ce, "Shekara guda da wata biyu, Auta. Ina zuwa gidan nan duk mako."

"Kai da ka zo ka taɓa kayan mamaci, ka tambaye ni?"

"Me ya ce?"

"Tambayi kwamfutarka," in ji Mama, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Ya ɗauki kwamfutar ya tafi da ita shago. Mako uku yana tonon abin da aka goge. Ya fito da tsofaffin hotuna, da jadawalin darasi, da rabin wata takardar jarrabawa. Wasiƙar ba ta fito ba, domin sabuwar fitowar da ya saka ta zauna daidai inda take. Shafin imel ɗin makarantar kuma tsohon yayi ne, ba ya ajiye abin da ba a aika ba. Burauzar kaɗai ce ta riƙe rubutun duk tsawon lokacin nan.

Ni da Mama mun haddace ta, ba kalmomin ne suka ɓace mana ba. Na gwada ce mata zan sake buga su a akwatin yadda suke. Ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani ba ta ce, "Da hannunki?" Ban sake tayar da zancen ba. Ta daina shiga ɗakin Baba. Ta kuma daina ce wa Kawu Yaya. In ya zo sai ta gaishe shi kamar maƙwabci, ta ba ni shayi in kai masa, ta koma kicin ta yi ta wanke abin da ya riga ya wanku.

Sai Kawu ya yi abin da ya iya. Ya rubuta rahoto zuwa ga masu gina burauzar, a wurin da ake kai rahoton kurakurai, kowanne da lambarsa. Ina zaune a kujera ta biyu lokacin da yake bugawa da yatsu biyu. Tambayoyinsa uku ya amsa wa kansa. Na danna maɓallin sabuntawa. Na yi tsammanin komai zai dawo. Shafuka sun dawo, rubutun da ke cikinsu bai dawo ba.

Bayan kwana huɗu wani ya amsa. Ba mu san sunansa na gaskiya ba, hoton mujiya ya saka a maimakon fuskarsa, don haka Mai Mujiya muke ce masa. Ya ce ba kuskure ba ne, da gangan aka yi. Abin da mutum ya buga bai aika ba yana iya zama sirri, lambar katin banki ko kalmar shiga, shi ya sa ake zubar da shi in ana wanke burauza. Na yi zaton Kawu zai fusata. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarsu. Ni ma da haka zan yi." Ya rubuta cewa bai ce a daina zubarwa ba, a dai faɗa wa mutum kafin a zubar. Layi ɗaya na gargaɗi.

Mai Mujiya ya tambaya, cikin ladabi, mutum nawa abin ya shafa.

Kawu ya buga "ɗaya", ya zauna yana kallonsa, ya goge. Ya koma dandali ya shiga binciken tsofaffin amsoshinsa. Wannan binciken ne ya karya shi fiye da komai. Sau ɗari shida da arba'in ya rubuta wa mutane su danna, ba abin da zai ɓata. A cikinsu mutum goma sha huɗu sun dawo sun ce rubutunsu ya ɓace. Wata mata takardar neman aiki ce ta cike rabi, wani doguwar wasiƙa ce ga ɗansa. Wasu bai ma ga sun dawo ba. Wasu ya gani ya amsa musu da cewa su sake rubutawa.

"Ki ji fa," ya ce mini, yana nuna allon da ɗan yatsa. "Su sake rubutawa. Ni na faɗa."

Wata biyu ya yi yana bin amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya, ɗari shida da arba'in, yana goge jimlar yana saka gargaɗi. Ya tura wa Mai Mujiya jerin mutum goma sha huɗun, ya ƙara na sha biyar bai faɗi ko wace ce ba. Amsa ta zo cewa maganarsa tana kan hanya, amma hannaye sun yi kaɗan, ayyuka sun yi yawa. In yana so ya rubuta gyaran da kansa, za su duba.

Kawu mai gyara ne, ba mai gina manhaja ba, kuma ya haura sittin. Ya sauko da rubutun burauzar gaba ɗaya, ya sayi babban littafi mai layi, ya fara kwafe sassan da bai gane ba da biro yana ja musu layi. Kafin ya ga ko gyaransa ya yi aiki, sai kwamfutar ta haɗa burauzar daga tushe, kuma a tsohuwar na'urarsa wannan awa tara ne. Yakan tayar da ita da sassafe. Wani lokaci a awa ta bakwai wuta ta ɗauke. Wani lokaci ta tsaya da kanta ta ce ya manta wata 'yar alama a layi kaza. Ya juya fankar ta daina kallonsa ta koma kallon kwamfutar, shi kuma yana zaune gumi yana bin wuyansa. Masu kawo gyara suka fara wucewa gaba, don in ka zo sai ya ce ka dawo jibi.

Anti ce ta gaji ta zo gidanmu. Ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Auta, ni ban zo roƙo ba. Na zo in gaya miki yayanki ya rame har wandonsa yana zamewa. In kashe shi kike so, ki faɗa mini in daina wahalar dafa abinci."

Mama ta ci gaba da aikinta. Amma bayan kwana biyu ta ce in raka ta kantin magani, kuma na san wane kantin take nufi.

Mun same shi ya yi nasara a karo na farko, bayan wata bakwai. Ya miƙe da sauri har kansa ya bugi siminti. Ya buɗe wani shafi ya buga 'yan kalmomi a akwati, ya danna maɓallin. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo. Na fassara mata: akwai rubutun da ba ka aika ba a shafi ɗaya, in ka ci gaba zai goge, ka tabbata?

Mama ta daɗe tana kallo. "Wannan a taka ce kaɗai?"

"A tawa kaɗai. Sai sun karɓa."

"In sun karɓa fa?"

"Duk mai irinta a duniya zai gani."

Mai yankan makulli ya kunna injinsa, muka jira ya gama. Sannan ta ce, "To in sun karɓa ka zo gida. Zan faɗa maka, daga farko har inda ya tsaya." Da za ta fita ta sa ƙafa ta juya fankar ta koma kallonsa.

Ranar na ɗauka an kusa. Ban san yadda aikin nan yake ba. Mai Mujiya ya duba ya ce madalla, amma a ƙara gwajin da zai tabbatar gargaɗin yana fitowa. Kawu ya yi wata biyu yana koyon rubuta gwaji. Sai aka ce kalmomin gargaɗin ba su dace da salon sauran ba, kuma duk sabuwar jimla sai an fassara ta zuwa harsuna da yawa, don haka sai masu kula da fasali sun sa hannu. Masu kula da fasali suka ce za su tattauna. Ana cikin jira Mai Mujiya ya rubuta cewa ya sami wani aiki, yana yi wa kowa fatan alheri. Wadda ta gaje shi ta ce an sake fasalin wannan sashen gaba ɗaya, gyaran Kawu ba ya zama a kan sabon, sai ya sake. Ya sake. Aka kuma sake fasalin. Ba wanda ya wulaƙanta shi, ko sau ɗaya. Kowa da na gode yake farawa. Shekara biyu da rabi ke nan.

Na yi wa Mama magana ba sau ɗaya ba. Na ce sharaɗin nan ya yi nauyi, abin ba a hannunsa yake ba. Ta ce ta riga ta faɗa. Wata rana da na matsa mata, muna ninke kaya, sai ta ajiye zanen da ke hannunta ta ce, "In na faɗa masa ta zama tasa. Dama tasa ce. Ni kuma me ya rage mini?" Ina ganin laifinta, ina kuma jin tausayinta, kuma na san da na buɗe baki a ranar nan da duk ba a zo nan ba.

Shi ma na same shi a shago na ce, "Kawu, na haddace ta. Layi tara ce. In faɗa maka?"

Ya ɗaga hannu da sauri kamar mai tare mota. "Ba daga bakinki ba. Kin riƙe mata alkawari lokacin da ya cuce ni, yanzu za ki karya don ki ji sanyi? Bar shi."

Shi ya sa ko a nan ban rubuta abin da ke ciki ba.

Bara, yana tsaye yana miƙa wa wani kwamfutarsa, ya yanke jiki ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Ya tashi, yana magana a hankali amma ana ganewa, sai dai hannun da yake bugu da shi ya zama kamar ba nasa ba. An rufe shagon, wani mai sayar da cajar waya ya shiga. Mama tana zuwa gidansa duk mako. Takan zauna a bakin gado ta shafa masa man zafi a hannun, yatsa bayan yatsa. Sau biyu na ga ta buɗe baki kamar za ta fara, sai ta tambaye shi ko ya sha magani. Shi kuma ba ya tambaya.

Wata takwas da suka wuce Anti ta kira ni ta ce wani saƙo ya shigo wayarsa, tun safe ya ƙi cin abinci. Na je na karanta. Ba mutum ne ya rubuto ba, inji ne da aka saka yana share tsofaffin rahotanni. Ya ce an yi kwana casa'in ba wanda ya taɓa wannan rahoton, in ba a ce komai ba cikin mako biyu za a rufe shi a matsayin wanda ba a bukata. Tun daga lokacin na shiga wurin rahoton sau uku, kuma gyaran yana nan yana jiran mai dubawa.

A ranar da saƙon ya zo, Kawu ya sa na jawo kujera kusa da gadon. Ya faɗa mini kalmar shigarsa harafi bayan harafi, da lambar rahoton, ya sa na maimaita. Sannan ya kama hannuna da hagunsa.

"Ba sai kin iya gyara ba," ya ce. "Kafin kwana casa'in su cika, ki shiga ki rubuta layi ɗaya, ki ce matsalar tana nan. Amma ki gwada tukuna, kada ki yi musu ƙarya. Ki sauko da sabuwar fitowa, ki buga wani abu a akwati, ki danna, ki ga ya ɓace da idonki, sannan ki rubuta. Ko ina nan ko ba na nan. Kada ki bari inji ya rufe mini ita, Magatakarda."